Wanda Ya Matsar da Keken Ɗinkin Koci

Kafin ku fara zagina a ƙarƙashin rubutun nan, ku bari in fara zagin kaina, don na fi ku sanin inda ke yi min ciwo. Ku kuma da kuka cika min waya da cewa ina wulaƙanta Mai Agogo don na ga yana sona, ku gyara zama. Yau za ku ji abin da gwanin naku ya aikata, za ku kuma ji nawa. Laifi tudu ne, na sani, ba zan taka nawa in tsaya hangen nasa ba.

Ga sababbin zuwa: ni ce auta a gidanmu, malamar firamare, shekarata ashirin da bakwai, wanda a lissafin Gwaggona saura ƙiris in fara furfura a ɗakin uwata. Duk Asabar da sassafe nakan sa wandon wasa, riga mai kai wa gwiwa, ƙaramin hijabi da takalmin kambas ɗina da ya sha wanki har ya koɗe, in tafi bakin filin ƙwallon unguwa. A nan ƙungiyarmu ke haɗuwa. Mu ba gudun banza muke ba. Kyaftin, wata mata mai koyar da motsa jiki wadda ba ta san wasa ba, ita ke raba mu: wasu su ruga su yashe kwata, wasu su bi titi da buhu suna tsintar robobi, mu kuma da muka daɗe kowa na da tsohonsa da ke zaune shi kaɗai. Ka ruga gidansa, ka karɓo masa magani, ka share, ku yi hira, ka rugo ka dawo. Koci muke ce wa tsofaffin nan, domin su ne ke tashinka daga gado ko ana ruwa, tunda ka san wani na can ya kasa kunne yana jiran ƙarar takalminka.

Tawa Kocin tela ce, ta yi shekara arba'in tana taka keke kafin hawan jinin ido ya rufe mata gani ɗungurungum. Bakinta kuwa bai makance ba. Barewa take ce min, in na makara ta ce barewar ta zama kunkuru. 'Yarta tilo tana aiki a wani gari, ta yi ta fama da ita ta koma wurinta, Koci ta ce ko gawarta sai an sha wuya kafin a fitar da ita daga ɗakin nan. Kuma tana da hujja. Ɗakin a tafin hannunta yake. Daga ƙofa taku biyu hannunta ya sauka a kan kujera mai hannu, daga kujera taku uku ta dafa kan keken ɗinkinta, daga keke ta juya dama ga ƙofar banɗaki. Wanda ya shiga zai ce an jibge kaya a tsakar ɗaki babu tsari, alhali kowane abu ido ne a wurinta. Shi ya sa Kyaftin ba ta gajiya da nanata mana: ba a shigar da wanda ba a yi wa rajista ba gidan koci, ba a kuma gusar da ko cokali sai mai gida ya ce a gusar.

Sai Mai Agogo. Abokin Yayana ne, ma'aikacin ofis, kullum a goge kamar sabon faranti. Tun da Yaya ya tsegunta masa cewa ina gudu, mutumin da ko zuwa masallacin bayan gidansu a mota yake tafiya ya wayi gari ɗan tsere. Ya sayi takalma kala uku, ya sayi agogon da ke ƙirga taku da bugun zuciya, in ya yi gudun da bai kai na korar akuya ba sai ya ɗora hoton agogon a waya duniya ta shaida. Mama ta mutu a kansa. Gwaggo ta ce irinsa ake roƙo a sujada. Ni dai ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba, shirun nan nawa aka ɗauka aka ce iyayensa su zo ranar Lahadi su ga nawa.

Asabar ɗin da ta wuce ya maƙale min kamar ƙaya a zane. Ba a ba shi koci ba, buhun robobi aka ba shi, ya jingine buhun a gindin fitila ya biyo ni. Da muka isa na ce ya tsaya a bakin get, kada ya kuskura ya shigo. Ya ce to, ranki ya daɗe.

Na tarar da Koci a baranda ta gefen gida tana shan hantsi, rediyo manne da kunne an ƙure murya. Maganin ɗigawa a idonta ya ƙare, sai na ruga kemis ɗin bakin titi, na bar ƙofar ɗaki a buɗe don ya sha iska. Layi ya riƙe ni kusan minti ashirin. Da na dawo babu kowa a get. Takalmansa masu ruwan lemo na gani a bakin ƙofar Koci, an jera su tsaf.

Jama'a, na leƙa ɗakin nan, me zan gani? Ya ɗauke keken cak ya kai shi lungu ya rufe da zane. Kujera ta koma jikin taga. Ƙaramin teburin ƙarfe da ke can ƙuryar gado ya dawo tsakiyar ɗaki, har da ɗora masa kofi da carbi don ado. Shi kuma yana tsaye yana share gumi, bakin nan har kunne, yana nuna min hotuna biyu a waya, na kafin da na bayan, yana cewa in duba yadda ɗakin ya samu fili, ai shi ma ya iya aikin lada. Kafin in yi magana ma ya turo min su.

Na ce cikin raɗa, "Mayar da komai inda ka same shi. Matar nan ba ta gani."

Ya ce ai saboda ba ta gani ɗin ne ya buɗe mata hanya, kada ta riƙa karo da kaya. Ya duba agogo, ya ce bugun zuciyarsa ya sauka, gudun yau zai lalace masa, ga Kyaftin za ta ɗauki hoton ƙungiya ƙarfe takwas. Duk wannan bai shige ni ba. Abin da ya faɗa a ƙarshe ne ya kama ni.

"In muka fara jan kaya yanzu tsohuwar za ta ji, ta tambayi wa ke ciki. Ke za a kora, ba ni ba."

Ga nawa laifin, ku rubuta shi da manyan baƙaƙe. Na ji tsoron Kyaftin. Na ce a raina ai Koci ba ta barin baranda sai an kira azahar, zan dawo ni kaɗai kafin nan in gyara, babu wanda zai sani. Na kore shi waje, na je na ɗiga mata magani, ta tsokane ni wai yau barewa haki take kamar an biyo ta. Na yi dariyar dole, na ce mata sai Asabar, na fita.

Ina shiga gida Mama ta cafke ni. Labulen falo za a sauya, kofunan baƙi za a wanke, a je kasuwa, a je wurin mai guga. Gwaggo ta zo tun safe da jakarta ta kafa sansani a kan doguwar kujera tana ba da umarni da baki da ƙafa. Duk lokacin da na doshi ƙofa sai a ƙirƙiro min wani aikin. Zan iya cewa su suka hana ni, amma ƙarya ne. Da na ajiye tsintsiya na fita a guje babu mai iya kamo ni a gidan nan. Ina goge madubin falo na ji kiran azahar, na ce bari in gama wannan tukuna.

Bayan la'asar maƙwabciyar Koci ta kira ni. Ita ke kai mata abinci, a baranda take miƙa kwano, ba ta taɓa shiga ɗakin ba sai ranar. Ta ce ta same ta yashe a ƙasa kusa da wani tebur, ta fi awa biyu a wurin, ƙashin ƙugu ya karye, suna asibiti. Na zauna daɓas a tsakar kicin na fashe da kuka, na zayyana wa Mama da Gwaggo komai.

Kun san abin da Gwaggo ta fara tambaya? Ko akwai wanda ya gan shi ya shiga. Da na ce babu, ta yi ajiyar zuciya ta ce to Alhamdulillahi. Wai yaro ya yi niyyar alheri, ƙaddara ta gitta, ba za a ɓata masa suna ana gobe iyayensa za su zo ba. Wai dama ni na jawo, mace da girmanta tana tsalle a titi kamar an saki ɗan maraƙi, ga irinta nan. Mama kuwa tana ta murza gefen zanenta.

Dab da magariba wayata ta sake ƙara. 'Yar Koci ce. Gwaggo ta fizge wayar ta danna lasifika ta ajiye a kan tebur. Matar ta ce ta iso yanzu, rabonta da gidan wata bakwai, ba za ta iya tuna ina kaza yake ba. Ta ce mahaifiyarta ta dage wai an gusar mata da kaya, likita kuma yana zargin ruɗewar tsufa ce ta fara kama ta, in kuwa haka ne zaman kaɗaici ya ƙare, da an sallame su za ta tafi da ita. Amma tsohuwar ta ce a tambayi Barewa, ita ba ta ƙarya.

"Ke ce ƙarshen shiga ɗakin. Kin ga an taɓa wani abu?"

Gwaggo ta damƙi cinyata da farce. Mama ta zuba min ido.

Na ce, "A'a, Anti. Yadda na saba ganinsa na bar shi."

Ta yi godiya ta kashe. Gwaggo ta ce yau na yi abin hankali, ta tashi ta je duba miya.

Bayan magariba saƙonnin Mai Agogo suka fara shigowa, ɗaya na bin ɗaya. Yaya ya riga ya gaya masa.

"Na ji abin da ya faru. Allah ya ba ta lafiya."

"Na goge hotunan. Ke ma ki goge."

"Tsofaffi dama suna faɗuwa, kada ki ɗora wa kanki."

"Tunda kina da makullin gidan, mu je da sassafe mu mayar da kayan, shi ke nan magana ta mutu."

Sai na ƙarshe, da hoton zuciya a jiki: "Wace kala za ki sa gobe? Ina so mu dace."

Na karanta na huɗun nan ya fi sau goma. Wato mu je mu mayar da keke wurinsa, don in 'yar Koci ta kai ta gida ɗaukar kaya ta laluba ta ji komai na nan, ita kanta ta yarda hankalinta ne ya taɓu. A nan na tsane shi, tsana irin wadda ke sa yawu ya yi ɗaci. Na tsani agogonsa, na tsani takalmansa kala uku. Na kuma tsani kaina fiye da shi, domin shi bai taɓa zama Koci ta laluba fuskarsa ta ce ya rame ba.

Da safiyar Lahadi na tarar Mama ta shimfiɗa min doguwar riga ruwan zuma a kan gado, mai duwatsu a wuya, da gyale da takalmi mai tsini da sarƙar da take ɓoyewa a ƙasan akwati. Baƙi ƙarfe sha ɗaya. Na kalle su, na jawo kambas ɗina daga ƙarƙashin gado. Ina ɗaure igiya Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ta ce in na fita na zubar da mutuncin gidan nan saboda tsohuwar da ƙafarta ɗaya ke kabari, kada in ƙara kiranta Gwaggo. Na ce to a sauka lafiya. Ta ɗaga hannu za ta mare ni, Mama ta shiga tsakani.

Mama ce ta kusa karya ni. Ta riƙe min hannu, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Auta, ki rufa min asiri na yau kawai. Gobe ki je ki faɗi duk abin da za ki faɗa."

Na ce gobe za a rubuta a takardar asibiti cewa matar nan ta ruɗe. Na zare hannuna na fita.

Kilomita bakwai ne zuwa asibitin. Ban tsaya neman abin hawa ba, ƙafata ta fi saba da hanya. Wayar tana ta zillo a aljihun wandona, Yaya, Mama, Mai Agogo, Yaya kuma, ban ɗaga ba. Na isa jiƙe sharkaf, mai gadi yana kallona kamar mahaukaciya.

Ɗakin mata ne mai gado shida, Koci na na ƙarshe kusa da taga. Ta ƙanƙance a cikin zanen asibiti, an ɗaura mata ruwa, gefen goshinta ya kumbura ya yi baƙi. 'Yarta na zaune a kujerar roba, mace mai gilashi da jakar hannu a cinya, idonta jawur. Ban kai ga sallama ba Koci ta juyo da kai.

"Barewa ce, na ji hakinta. Zo ki gaya musu. Jiya wani yaron likita ya tambaye ni wace shekara muke, ya ce in ƙirga daga ashirin zuwa ɗaya, kamar 'yar aji biyu. An ce wai kin ce ba a taɓa komai ba, na ce waya ce ba ta ji ki da kyau ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa a gefen gadon na faɗi komai, tun daga get har zuwa ƙaryar da na yi a waya. Na ciro hotunan nan biyu, da ban goge ba, na miƙa wa 'yarta.

Matar nan ta miƙe tsaye. Ba ta yi ihu ba saboda marasa lafiya, amma kowace kalma sai da ta huda ni. Ta ce mu ne masu neman suna da tsofaffin mutane, mu sa kaya masu ƙyalli mu yi tsalle a titi mu ce taimako muke. Ta ce ta ba ni amanar uwa na kai mata saurayi ɗaki. Ta karɓi makullin gidan daga hannuna, ta nemi lambar Kyaftin ta kira ta a gabana, ta ce in ba a cire ni ba za ta tabbatar babu gidan tsohon da zai ƙara buɗe wa ƙungiyar ƙofa. Ina jin muryar Kyaftin tana ba da haƙuri, matar da ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba.

Duk na shanye, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abu ɗaya na roƙa: tunda an ga ba ruɗewa ba ce, a bar Koci a ɗakinta. Na ce ko ba ni ba, a ba ta wani mai gudun, akwai waɗanda suka fi ni hankali.

Abin mamaki, jikin matar ya yi sanyi. Ta zauna a bakin gado ta kama hannun uwarta tana hawaye, ta roƙe ta ta yafe mata ƙaryata ta da ta yi. Ta ce in ta warke tana son komawa, za a mayar da komai wurinsa, ita da kanta za ta tsaya a auna taku. Na ce a raina ko ba komai na ceto wannan.

Sai Koci ta juyo da fuskarta daidai inda nake durƙushe.

"Barewa, lokacin da kike ɗiga min magani, kin riga kin ga ɗakin?"

Na ce, "Na gani, Koci."

"Kika ce min sai Asabar."

Yatsunta na ta bin bakin zanen gado kamar tana duba ɗinki. Sannan ta ce wa 'yarta ta nemo masu kwasar kaya, keken a ba wa duk mai so.

"Ni na ɗauka ɗakin ne idona. Ashe amanar masu shigowa ce. Zan bi ki."

Ta juya fuska bango. Na kira ta sau biyu, 'yarta ta nuna min ƙofa.

Da gudu na koma, ina kuka ina haɗiye majina, ban damu da masu kallo ba. Ƙarfe sha biyu saura na shawo kwanar layinmu. Motoci biyu a ƙofar gida, takalman baƙi jere a bakin falo, ana ta dariya a ciki, muryar Mai Agogo ta fi ta kowa. Gwaggo na tsaye a tsakar gida tana leƙe, tana hango ni ta taho da sauri tana yarfa hannu, wai in bi ta ƙofar kicin in yi wanka in sa rigar, ta ce musu na je karɓo saƙo.

Na raɓa ta gefenta. Ban cire kambas ba, ban share gumi ba. Na ɗaga sabon labulen Mama na yi sallama, na ce wa mahaifinsa ina da magana kafin a fara tasu.